Dashen tirafil a Zariya: damfara ce?

Baban Ummi: Jama'a, yanzu kuma dashen tirafil ake talla, naman kazar nan mai tsada da ke girma a ƙarƙashin ƙasa. Wai ka dasa a Shika ka girbe cikin shekara biyu. Wallahi damfara ce!

Malam na Samaru: Alhaji, a janye "damfara". Noma ne na gaske. A ɗakin gwaji ake haɗa irinsa da saiwar dashen itacen oak, a duba da madubin likita ko ya kama, sannan a dasa kamar 300 a hekta. Yankin Teruel na Sifen da shi suke ci.

Injiniya: Ƙaryar da aka yi don kuɗi ai sunanta damfara. Baƙin tirafil sai shekara 5 zuwa 10 yake fara bayarwa. Ƙasa mai pH (ma'aunin tsamin ƙasa) 7.5 zuwa 8.3, wato marar tsami, yake so, tamu kuwa tsami gare ta, sai an zuba tan gommai na farar ƙasa a hekta ɗaya. Sanyin hunturun Turai ke nunar da shi, namu sanyin na dare ne kawai. Ga ruwan Agusta da ke kwanciya ya ruɓar da saiwa.

Malam na Samaru: Ƙarya daban, rashin sani daban. Wataƙila mai tallar tirafil na hamada yake nufi, kam'a, wadda hadisi ya ce ruwanta maganin ido ne. A Mursiya ta Sifen ana nomanta tun 1999, kuma shekara ta biyu ko ta uku take fara fita.

Injiniya: Ita ma ruwan lokacin sanyi take jira. Mu daga Nuwamba ko ɗigo.

Hajiya Tudun Wada: Ni fa an ce kare ke sunsuno shi. Wa zai ci?

Ustaz: Hajiya, a mazhabar Malikiyya kare ba najasa ba ne. Abin da karen farauta ya kamo ma halal ne.

Hajiya Tudun Wada: To Ustaz, bisimilla, kai ka fara ci.

Baban Ummi: Ku 'yan Samaru in dai an ce kimiyya shi ke nan, ba a taɓa ɗan boko.

Malam na Samaru: Ranka ya daɗe, irin masarar da ke gonarka daga Samaru ya fito.

Shugaban zaure: A tsaya haka. An tabbatar noman tirafil gaskiya ne, hadisi ma ya ambaci kam'a, don haka kalmar damfara ba ta tsaya ba. Maganar ƙasa gyara ce kawai. An rufe.

Injiniya: Shugaba, sanyin fa? Shi ma gyara ne?