Shawarwarin da na tara kan zuwa babban cocin Kolon

Da na tambayi waɗanda suka taɓa zuwa babban cocin Kolon a Jamus, kusan kowa da tashar jirgin ƙasa ya fara, wai kana fitowa ƙofa ga shi nan a gabanka tsayin mita 157, ba sai ka nemi tasi ba. An fara ginin a 1248, ba a gama ba sai 1880.

Jaka ce ta fi jawo surutu. Ba a shiga da babban akwati, ka bar shi a ma'ajiyar kaya ta tashar ka biya 'yan kuɗi. Maza kuma a cire hula, masu gadin cocin masu jajayen riguna za su tuna maka, ni dai gara ka cire tun a bakin ƙofa. In ana ibada ba yawo ba ɗaukar hoto, shi ya sa suka ce a leƙa Domforum, ofishin ba baƙi bayani da ke tsallaken filin gaban cocin, a tambayi lokuta.

Hawa hasumiya kuwa sai da aka yi musu, matakala 533 ce, ba lif, hanyar matsattsiya tana juyawa kamar dodon koɗi, kuma sai ka sayi tikiti. Wani ya ce da ya ga kogin Rhine daga sama ya manta gajiya, wata ta ce gwiwarta kwana biyu tana ciwo. Mai ciwon gwiwa dai ya haƙura, ya tsaya ƙasa ya kalli tagogin gilashin.