Wai Puskas gudu ya yi?

Mai Shayin Kwana: Jama'a ku raba mu. Jiya a gidan kallo na ce tun kafin a haifi iyayen su Mbappe akwai Puskas, ƙwallo 84 ya ci wa Hungary a wasa 85. Wani yaro da ko gemu bai tsiro masa ba ya ce wai ina kawo musu labarin 'yan hoto baƙi da fari, aka bushe da dariya har da mai gidan. Mutumin da ya gudu daga ƙasarsa, aka dakatar da shi kusan shekara biyu, ya zo Madrid a 1958 yana da shekara 31 da tumbinsa, amma ya zura wa Frankfurt huɗu a wasan ƙarshe na kofin Turai a 1960. Wa ya sake yin haka?

Ɗan Barca Na Asali: "Ya gudu." Alhamdulillahi, da bakinka ka faɗa. Manjo ne fa, ƙungiyarsa ta Hungary, Honved, ta sojoji ce. Sojan da ya bar gida ana harbin mutanensa me sunansa?

Kawu Tsohon Gola: Yaro, gyara zancenka. A ƙarshen 1956 da sojojin Sobiyet suka murƙushe boren Budapest, Honved ta fita wasa da Athletic Bilbao, har zagaye na biyu ma a Brussels aka buga. Komawa ce ya ƙi.

Ɗan Barca Na Asali: Kawu da girmanka. Ƙin komawa da gudu ai Ɗanjuma ne da Ɗanjummai.

Kawu Tsohon Gola: Wanda ya tafi fatauci aka ce masa gari ya ci wuta, ya tsaya a hanya, gudu ya yi?

Hala Madrid Kawai: Ku bar ni da shi. Abokan wasansa na Honved, Kocsis da Czibor fa? Tare suka ƙi komawa, Barcelona ta kwashe su. Kubala naku ma, ɗan Hungary, tun 1949 ya tsallake iyaka. Su hijira suka yi, namu ne ya gudu ko?

Ɗan Barca Na Asali: Kubala bai riƙe muƙamin manjo ba.

Anti Mai Arsenal: Manjon takarda. Ni dai abin da na sani shi ne 6 da 3 da su Puskas suka yi wa Ingila a Wembley a 1953, suka ƙara musu 7 da 1 a Budapest.

Hala Madrid Kawai: Anti, wa ya sa da ke? Ki kawo kofin Turai ɗaya tukuna.

Anti Mai Arsenal: Ɗan nan ka kiyaye ni, na girmi yayarka.

Bature Ɗan Kurna: To in ba gudu ba ne, me ya sa ya saka rigar Sifen a gasar duniya ta 1962? Kuma ko ɗaya bai ci musu ba, alhakin Hungary ne.

Kawu Tsohon Gola: Alhakin me? A 1954 da rauni a idon sawu ya buga wa Hungary wasan ƙarshe na gasar duniya da Jamus ta Yamma, ya ci ta farko, ya sake jefa wata dab da tashi aka ce satar gida. 3 da 2 aka tashi. Kuma babban filin wasan Budapest sunan wa yake ɗauke da shi yau?

Bature Ɗan Kurna: Kawu kamar kana filin.

Mai Shayin Kwana: Ni fa ƙwallaye huɗun nake tambaya. Kai kuma Bature kuɗin shayi da ƙwai na sati biyu yana nan a littafi.

Bature Ɗan Kurna: Nan ba wurin bin bashi ba ne.

Shugaban Zaure: Na rufe maganar nan. Abin da aka cimma: Puskas bai gudu ba, Madrid ce ta yi masa rana, shi ya sa da FIFA ta fara kyautar ƙwallo mafi kyau mai sunansa a 2009 Ronaldo ne ya fara ɗauka. 'Yan Barca ba su kawo hujja ko ɗaya ba.

Ɗan Barca Na Asali: Wa ya cimma? Kuma ƙwallon Ronaldon nan a rigar Manchester ya ci ta.