Wane suna za mu ba iyon da ake yi da bututu a baki?

Jama'ar zango, ku taimaka min da kalma. Shekaranjiya ƙanena da ke karatu a Turai ya turo bidiyo daga Aisilan: yana kife a kan ruwa, fuska a ciki, wani bututu ya fito ta gefen kansa. Mma ta karɓi wayar ta ce, "Me yaron nan yake yi?" Na ce mata nutso ne. Sai ta dafe ƙirji tana salati, don a kunnenta nutso da nutsewa uwarsu ɗaya. Ba ta iya cin abinci ba sai da muka kira shi ta ji muryarsa.

Abin da yake yi kuwa ba nutso ba ne. Turawa na ce masa snorkelling, kuma su ma aro suka yi daga Jamusanci, daga sunan bututun da jiragen ƙarƙashin ruwa ke shaƙar iska da shi a Yaƙin Duniya na Biyu. Mutum na kwance ne a saman ruwa. Gilashi ya rufe masa ido da hanci, yana numfashi ta baki, kan bututun na waje. Bututun gajere ne, bai kai rabin mita ba, kuma da gangan aka yi shi haka: in ya yi tsawo, iskar da ka fitar ita za ka riƙa sake shaƙa, in kuma ka yi ƙasa, nauyin ruwa zai danne ƙirji ka kasa jan numfashi.

Shi ya sa na dage kada "nutso" ta shiga sunan. Ɗan koyo da ya ji nutso zai tura kansa ƙasa, bututu ya cika da ruwa, ya shaƙa, ya firgita. A ruwan ɗumi irin na tafkin Bosomtwe da ke nan kusa da Kumasi ma firgita ba wasa ba ce, balle inda ƙanena ya shiga. Silfra ake kiran wurin, wata tsaga ce tsakanin duwatsu a Thingvellir, yankin da ƙasar ta killace tun 1930. Sanyin ruwan digiri 2 zuwa 4 ne, rani da damina, domin narkakkiyar ƙanƙara ce da ta yi shekaru tana tacewa ta cikin dutse. Ruwa mai sanyi haka, da zarar ya taɓa fuska, numfashi kan sarƙe na ɗan lokaci. Ana so sabon shiga ya tsaya ya daidaita numfashinsa tukuna, kuma kada ya shiga shi kaɗai.

Tun da na fara jefa muku wannan tambaya, na ga amsoshinku, Allah ya saka da alheri.

Yaya daga Aboabo, kin ce "iyon bututu". Ya fito sarai, yaro ma zai gane. Abin da ya hana ni karɓa shi ne ya faɗi kayan aiki bai faɗi aikin ba. Ba don bututu mutum ke shiga ba, don ya ga ƙasan ruwa ne.

Masu cewa "iyon kada", na so shi da farko. Amma kada idonsa na sama yana duban tudu, namu kuwa idonsa na ƙasa.

Ni "iyon leƙe" ya kwanta min. Malam daga Nima, na karanta gyaranka sau biyu, kuma gaskiya ne leƙe na da ɗan wari a bakin mutane, akwai leƙen asiri, akwai mai leƙen gidan maƙwabta. Ka ba da "iyon kallo" a madadinsa. Allah ya gafarta Malam, in na ce wa Mma ɗanta na iyon kallo, za ta ɗauka iyo yake yi mutane na kallonsa. Ka duba yadda muke leƙa rijiya: jiki na sama, kai a sunkuye, ido na can ciki, ba ka faɗa ba. Yadda mai wannan iyo yake ke nan, ba ragi. Kalmar da kanta tana gaya wa ɗan koyo inda jikinsa zai tsaya.

Da daddare na gwada ta. Na ce, "Mma, iyon leƙe yake yi." Ba ta razana ba, tambaya ta yi: "To me yake leƙawa?" Na ce duwatsu ne, ruwan garau yake har mutum na hangen nisan da ya kai mita 100. Ta ce a sake kunna mata.

Don haka ga inda na tsaya: aikin iyon leƙe, bututun kuma bututun numfashi. Faffaɗan takalmin roba da ake iyon da shi, kusan kowa ya ce ƙafar agwagwa, na bi ku. Saura rigar nan da ake sawa a Silfra, wadda ke matse wuya da wuyan hannu don kada ruwa ya taɓa jiki. Wani ya ce "rigar ruwa", amma wannan sunan ta damina ta riga ta ɗauka. Masu sayar da gwanjo a kasuwar Kejetia ta Kumasi, in irinta ta taɓa faɗo muku a dila, me kuka kira ta?