Me Ake Nufi da Tsarin Mulkin Majalisa?

Mai Neman Sani: Jama'a, don Allah me ke sa a ce ƙasa tana bin tsarin mulkin majalisa, alhali kowace dimokuraɗiyya tana da majalisar dokoki?

Dattijo: Ginshiƙinsa shi ne gwamnati daga cikin majalisa take fitowa, kuma ba ta ɗorewa sai da amincewar masu rinjaye. A 1979 ƙuri'a ɗaya tak ta kayar da gwamnatin James Callaghan a Birtaniya.

Ɗalibar Shari'a: Haka ne, Malam. Akwai kuma raba muƙamin shugaban ƙasa da na shugaban gwamnati, kamar a Jamus da Indiya.

Dattijo: Wannan kam ba dole ba ne, domin a Afirka ta Kudu majalisa ce ke zaɓen shugaban ƙasa, kuma shi ke riƙe da muƙaman biyu.