Motar kwana zuwa hamadar Utah da Arizona: Yuli ko Oktoba?

Baban Hanifa (Dallas):
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni da uwargida muna son mu yi zagaye a hamadar kudu maso yammacin ƙasar nan ta Amurka, mu biyu kaɗai, domin surukata ta zo daga gida kuma ta yarda ta zauna da yara. Shirinmu shi ne mu hau jirgi zuwa Las Vegas, mu yi hayar motar nan mai gado da kicin da banɗaki, wadda ake kira RV, mu bi ta gandayen shaƙatawa na gwamnati na Zion da Bryce Canyon, mu gangara garin Page, mu leƙa Monument Valley, mu ƙare da Grand Canyon, sannan mu mayar da motar inda muka ɗauke ta. Abu biyu ne suka hana mu yanke shawara. Na farko, a wurin aiki an ba ni zaɓi tsakanin ƙarshen Yuli da tsakiyar Oktoba, ga shi kuma Hajiya za ta koma gida a watan Satumba, ke nan idan muka zaɓi Oktoba sai mun nemi wanda za mu bar wa yara. Na biyu, ƙaramar motar da ba ta wuce bas girma ba za mu ɗauka, ko babba mai tsawon ƙafa 25 zuwa 30? Ina roƙon wanda ya taɓa yin wannan tafiya da kansa ya ba mu shawara.

Alhaji Ɗan Zinder:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, babu dalilin da zai sa ka kashe kuɗin jirgi. Ka ɗauki motarka daga Dallas ka bi ta Amarillo ka hau babbar hanya mai lamba 40, ka ratsa Albuquerque da Gallup har Flagstaff, ka riƙa kwana a ƙananan otal. Na daɗe ina tuƙa tirela a wannan hanya, babu mashayar man da ban sani ba.

Bakatsine:
Ikon Allah, mutum ya baro zafin gida da ƙyar, ya samu ƙasar da ake kunna sanyi har a masallaci, sannan ya tara dalolinsa ya tafi neman rana a watan Yuli. Malam, idan zafi kake marmari, ka bi Hajiya gida a watan Afrilu, kyauta ake ba da shi.

Maman Khalil (Columbus):
Baban Hanifa, don Allah ka karanta abin da zan faɗa kafin ka biya ko sisi. Mu a watan Agusta muka yi tamu tafiyar, kuma har yau idan maigida ya ambaci motar kwana sai in tashi in bar masa falon. Ba daga kamfani muka karɓa ba, a manhaja muka samu wani mutum yana ba da hayar tasa, babba ce, hotunanta sun yi kyau, farashin kuma ya fi na kamfanoni sauƙi. Na yi miyar taushe da miyar ja na daskarar a robobi, na sayi naman rago na halal a Las Vegas na cika firij, saboda an gaya mana cewa da zarar mun bar birni ba za mu ƙara ganin mahauci Musulmi ba, kuma hakan gaskiya ne.

Abin da mai motar bai gaya mana ba shi ne na'urar sanyaya ɗakin ba ta aiki sai an jona motar da wutar lantarki a wurin kwana, ko kuma an tayar da janareta. Wurin da muka samu a gandun gwamnati babu wutar jonawa, janareta kuma akwai sa'o'in da aka yarda a kunna shi, da dare dole a kashe. Ba a daɗe ba ma janaretan ya mutu gaba ɗaya, firij ɗin ya biyo bayansa. Ranar da na buɗe shi na ga ruwan nama ya gangaro ta ƙasan ƙofa ya jiƙe tabarmar sallah da muka jingina a gefe, miyar taushe ta kumbura ta ɗaga murfin roba, warin kuma ya kama labule da katifa, wallahi sai da na zauna a bakin matakala na yi kuka. Kilishi da garin rogo ne suka riƙe mu.

Ba a nan gizo ke saƙar ba. A hanyar Kayenta zuwa Page tayar baya ta fashe, babu sabis a waya, sai da wani ɗan ƙabilar Nabaho, 'yan asalin yankin, mai a-kori-kura ya tsaya ya ɗauki maigida zuwa inda zai iya kiran janwe, ni kuma ina zaune a cikin wannan tanda ina ƙirga robobin ruwan da suka rage. Da muka mayar da motar, mutumin ya riƙe kuɗin ajiyarmu dala 1,500, wai mun goge rufi a jikin reshe kuma mun ɓata masa katifa. Idan aka haɗa komai da komai, tafiyar ta ci mana abin da ya kusa dala 5,000.

Malam Sani Mai Lissafi:
Hajiya, Allah ya mayar da alheri, amma wannan kuɗin naku ba shi ne farashin tafiyar ba. Ni da iyalina mun yi a watan Oktoba da motar kamfani, kimanin dala 130 a dare, sai kuɗin mil da aka lissafa daban. Abin da ya fi cin aljihu shi ne mai, domin babbar mota da wuya ta wuce mil 8 zuwa 10 a galan guda, kuma wannan zagayen da Baban Hanifa ya zana ya haura mil 1,000.

Inna ta Bronx:
Dala 130 a wace shekara, Malam? 'Yata da mijinta sun biya sama da 250 a dare a kan ƙaramar mota, kuma sun ce ƙananan sun fi manyan tsada saboda su matasa ke rububi. Har zanen gado da tukwane sai da aka caje su daban.

Malam Sani Mai Lissafi:
Inna, ba musu nake yi da ke ba, farashin yana hawa yana sauka kamar na tumatir a kasuwa. Abin da ba ya canzawa shi ne katin shiga gandayen gwamnatin tarayya na shekara guda, dala 80, wanda ya ishi duk mutanen da ke cikin mota ɗaya. Da shi za a shiga Zion da Bryce da Grand Canyon, amma ba a karɓarsa a Monument Valley da Antelope Canyon, wani kwazazzabo da ke kusa da Page, domin waɗannan a ƙasar ƙabilar Nabaho suke, su ke karɓar kuɗinsu, kuma Antelope ba a shiga sai da ɗan jagora daga cikinsu.

Bakatsine:
Ni kuwa na ji an ce katin ya koma dala 250.

Malam Sani Mai Lissafi:
Wannan na baƙi ne waɗanda ba mazauna Amurka ba, daga farkon 2026. Mazauni yana nan a kan 80. Da surukarsa za ta bi su da bizar ziyara, da zancen ya taso.

Anti Nas (Phoenix):
Ina zaune a Arizona, kuma aikina na asibiti ya sa ina ganin waɗanda zafi ya kayar duk bazara, saboda haka ku ba ni dama in ce wani abu game da Yuli. A 2023 birnin nan ya yi kwana 31 a jere zafin rana yana kai digiri 43 na ma'aunin Celsius ko sama da haka kullum. Sai dai ba daidai ba ne a auna hanyar Baban Hanifa da Phoenix, domin rabinta a kan tudu take. Bakin Grand Canyon na kudu yana da tsayin mita 2,100 daga teku, Bryce ya haura 2,400, ko a Yuli da dare mutum zai nemi mayafi a can. Inda za ku sha wuya shi ne Las Vegas da kwarin Zion da Page. Abin da ya fi ba ni tsoro kuwa ba zafin ba ne, ruwa ne, saboda daga Yuli zuwa Satumba damina ce a nan, hadari yakan zubar da ruwa a wani dutse mai nisa, kai kana cikin kwazazzabo rana na haska ka, sai ambaliya ta same ka. Oktoba ya fi lafiya ta kowace fuska, illa dai a Bryce sanyin dare yana iya daskarar da ruwa, sai a tambayi masu motar yadda za a kare bututunta.

Alhaji Ɗan Zinder:
Hajiya, da girmamawa, mutumin da ya bi hanyar Agadez zuwa Arlit a bayan mota ba za a koya masa hamada ba. Wannan ta Amurka da kwalta da allon hanya da mashayar mai ai wasan yara ce. A sha ruwa, a tashi da asuba, a huta da azahar, shi ke nan.

Anti Nas (Phoenix):
Alhaji, tirelarka tana da sanyinta da ke aiki dare da rana, kuma a tashar manyan motoci kake kwana, inda akwai wanka da abinci. Ba ka taɓa neman inda za ka juye tankin banɗaki ba, ba ka taɓa lissafin ko ruwan tanki zai kai ka alwalar asuba ba. Shawararka a kan babbar hanya abin karɓa ce, amma wannan wata tafiya ce daban.

Alhaji Ɗan Zinder:
Ke ma ai ba ki ce kin taɓa kwana a motar ba, daga tagar asibiti kike ba da labari.

Maman Khalil (Columbus):
Ni da na kwana a cikinta na ce kada ya je, amma ba wanda ya saurare ni. Na manta ban faɗa ba, Monument Valley ɗin da muka sha wahala dominsa, da muka isa aka ce ba a barin motar kwana ta bi hanyar ƙasa da ke zagaya duwatsun, sai da muka sake biyan kuɗin motar 'yan jagora.

Malam Sani Mai Lissafi:
Wannan batu na Hajiya shi ne amsar tambaya ta biyu. Girman mota yana rufe wa mutum ƙofofi. Hanyar da ta fita daga Zion ta gabas, wadda za ku bi zuwa Bryce, tana ratsa wani ramin dutse da aka buɗe tun 1930, tsawonsa ya ɗan haura mil guda. A shekarun baya duk motar da faɗinta ya kai ƙafa 7 da inci 10, ko tsayinta ƙafa 11 da inci 4, sai ta biya dala 15 a tsayar da masu tahowa ta bi tsakiya, kuma hukumar gandun ta sanar da cewa daga 2026 za ta hana manyan motoci bin hanyar. Ka auna motar da za a ba ka kafin ka sa hannu. Wuraren kwana na cikin gandayen kuma ana buɗe rajistarsu wata shida kafin lokaci, na Yuli suna ƙarewa da wuri.

Ustaz Abu Maryam:
Tunda ana maganar alwala, ina tunatar da ɗan uwa cewa wannan tafiya ta kai a yi ƙasaru, matuƙar bai yi niyyar zaman kwana huɗu a wuri ɗaya ba, kuma idan ruwa ya yi ƙaranci taimama ta halatta. A kula da agogo kuma, domin jihar Arizona ba ta canza lokaci a bazara, ƙasar Nabaho da jihar Utah suna canzawa, shi ya sa a kewayen Page waya takan yi tsalle da awa guda gaba ko baya. Alƙibla tana arewa maso gabas.

Bakatsine:
Ustaz, mene ne hukuncin wanda ya juye tankin banɗaki iska ta kaɗo masa? Ina tambaya ne saboda wani abokina.

Ɗan Kumasi:
Duk kuna ta taya da janareta, ba wanda ya faɗi abin da ya fi muhimmanci. Kada ka kuskura ka bar gida ba tare da katin zamanka da na iyalinka ba. Ni a wani shingen jami'an tsaron iyaka a kudancin New Mexico aka tsayar da mu, ba kan iyaka muka je ba, yawon ganin farin yashi muka fita. Motocin da ke gabanmu ana ɗaga musu hannu suna wucewa, da aka zo kanmu aka ga hulata da hijabin uwargida, aka ji harshenmu, sai aka ce mu faka a gefe. Lasisin tuƙi bai wadatar ba, aka zo da kare ya shinshina motar, aka buɗe har jakar daddawa da yaji ana tambaya mene ne wannan. Takardunmu lafiya lau, amma rana ta yi sanyi kafin a sallame mu.

Alhaji Ɗan Zinder:
Waɗannan shingayen na san su. Akwai a hanya mai lamba 10 tsakanin Las Cruces da Deming, akwai a kusa da Sierra Blanca idan ka baro El Paso ka yi gabas, akwai kuma a hanya mai lamba 19 kudu da Tucson. Doka ta ba su damar kafawa har nisan mil 100 daga iyaka, kuma doka ta wajabta wa mai katin zama ya riƙe shi a jikinsa. Ni ban taɓa samun matsala ba.

Inna ta Bronx:
Kai da kake cikin tirela da sunan kamfani a jikinta, wa zai tsayar da kai? Ɗan ƙanwata ɗalibi ne, bizarsa na aiki, amma takardar makarantarsa tana ɗakin kwanan ɗalibai, sai da aka riƙe shi har aka samu wanda zai tabbatar da shi a waya.

Baban Hanifa (Dallas):
Na gode muku duka, Allah ya bar zumunci. Amma hanyarmu ta arewa ce, nesa da iyakar Meziko, ban ga inda za mu gamu da shinge ba. Har yanzu ina jiran wanda ya yi tafiyar da ƙaramar mota a watan Yuli ya gaya mini ko sanyinta yana riƙewa har safe idan babu wutar jonawa, domin a kan wannan ne uwargida ta ce za ta yanke hukunci.

Ɗan Kumasi:
Ko arewa ce ka tafi da katin, jirgi ma za ka hau. Inna, shi ɗan ƙanwar taki hoton takardar a waya bai wadatar da su ba, ko dole sai ta asali suka ce?