Yaushe ake sakar wa ɗalibin jinya allura da ƙarin ruwa?

Maman Sadiƙ: Assalamu alaikum 'yan'uwa ma'aikatan jinya. Idan makaranta ta turo ɗalibai 'yan shekara ta biyu ɗakin marasa lafiya, wane aiki ake sakar musu, wanne ne dole nas ta tsaya a kansu? Kuma yaushe ya dace a sa musu hannu a littafinsu na aiki?

Sista Binta: Wa alaikumus salam. Awon zafin jiki, bugun jini da numfashi, waɗannan za ki iya sakar musu bayan kin ga sun iya, amma ki riƙa maimaita awon wasu majinyatan ki gwada da nasu. Ɗalibin da kullum yake rubuta numfashi 20 ga kowa, ba ƙirgawa yake yi ba. Magani kuwa ba a saki. Ki sa ya karanto sunan majinyaci, maganin, yawansa, hanyar bayarwa da lokaci daga katin magani, kwalbar tana hannunki, sannan ya zuƙa kina kallo. Allurar ɗuwawu, ya nuna miki wurin da yatsa kafin ya tsira: a raba ɗuwawun gida huɗu, a ɗauki na sama ta waje. Idan ya sauko ƙasa ko ya matso tsakiya, zai iya taɓa babbar jijiyar da ke sauka ƙafa, yaro ya koma jan ƙafa.

Malam Nura: Sista ta gama magana. Ƙarin ruwa ma lissafi ne, kada a yarda da ido. Ledar ruwa mai mililita (mil) 500 da likita ya ce ta shiga cikin awa 4, da robar da ke ba da ɗigo 20 a mil ɗaya: 500 sau 20, a raba da minti 240, kusan ɗigo 42 ke nan a minti. Ɗalibi ya ƙirga da agogo minti guda cur. Ya kuma duba jikin takardar robar, don ta yara ɗigo 60 take bayarwa a mil ɗaya. Insulin (allurar ciwon sukari) da fotasiyam (wani sinadarin gishiri da ake sa wa a ƙarin ruwa) kuwa sai nas biyu sun duba tare, kuma ɗalibi ba ya cike gurbin ta biyun.

Anti Rabi: A aikin dare da nas ɗaya ke riƙe da ɗaki guda, tsayawa kan kowane ɗalibi da wuya, gaskiya. Mafita ita ce a haɗa ɗalibi ɗaya da ita su yi zagayen magani tare, sauran su yi awo da gyaran gado. Sa hannu kuma, abin da kika gani da idonki kawai, a ranar da aka yi shi. Masu kawo littafi ranar ƙarshe a cike musu shafi goma a zama ɗaya, ki mayar da su wurin malaminsu na makaranta.