Me ya sa ake ce masa rangadin duniya alhali nahiya biyu kawai za ta taka?

Mai_Sauraro ta rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Akwai abin da ya tsaya mini a rai tun makon jiya, kuma na san a cikinku akwai waɗanda suka san harkar waƙa ciki da waje.

Shekara bakwai ke nan ina bibiyar wata mawaƙiya. Ba zan faɗi sunanta ba, don kada zancen ya koma musun wa ya fi wa murya. Wata huɗu da suka wuce ta saki sabon kundin waƙoƙinta. Daren da ya fito ban kwanta ba sai da na saurare shi sau biyu daga farko har ƙarshe. Waƙa ta tara, wadda ta rera da fiyano kaɗai ba ganga ba komai, har yau in ta shigo sai na ajiye duk abin da ke hannuna.

To, ranar Talata ta sanar da rangadi, aka rubuta da manyan baƙaƙe cewa na duniya ne. Na buɗe jerin biranen gabana na faɗuwa, na bi shi daga sama har ƙasa, na sake bi. Duk a Arewacin Amurka da Turai suke, wasu biranen ma kwana uku-uku aka ba su. Wallahi raina ya sosu.

Wa ke zaɓen biranen nan, ita ce ko wasu? Sannan tunda kundin ya riga ya shiga wayar kowa, mene ne kuma rangadin zai tallata? Abu na ƙarshe, wanda ya fi damuna: in na yi tanadi na bi ta wata ƙasa don dare ɗaya, na yi wauta?

Injiniyan_Sauti ya rubuta:

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Na daɗe ina aiki a bayan dandamali, ni ne irin mutumin da za ki hango cikin baƙar riga yana jan waya kafin a buɗe ƙofa, don haka bari in ɗauki tambayarki ta farko.

Ke mace ɗaya kike gani da makirufo a hannu. Mu abin da muke gani nauyi ne. Ƙarafan dandamali, allunan bidiyo masu tsayin bene, lasifikokin da ake ratayewa jere-jere a sama, fitilu, janaretoci, kayan kiɗa, akwatunan tufafi, da wayoyin da in aka miƙe su sai su yi kilomitoci. A babban rangadi na filayen ƙwallo, tireloli gommai ne ke ɗaukar wannan kaya. Kafa ƙarafan kaɗai yana cin kwanaki, shi ya sa manyan mawaƙa ke da dandamali biyu ko fiye: ana wasa a kan ɗaya, ɗayan ya riga ya yi gaba ana kafa shi a birni na gaba.

A Turai da Arewacin Amurka wannan yana da sauƙi, domin manyan birane suna jere a kan titi. A gama wasa da dare, a kwance kaya kafin asuba, a loda, ma'aikata su kwana a cikin bas, gari na wayewa an isa. Amma da zarar an ce a tsallaka teku, magana ta canza. Ko dai jirgin ruwa, kaya su yi makonni a hanya, ko jirgin sama na dakon kaya, wanda kuɗinsa ba a magana. Kuma duk ranar da ba a yi wasa ba, makaɗa da masu rawa da direbobi da mu masu waya albashinmu yana tafiya, otal yana tafiya.

Ga kwastan. Akwai takardar da ake kira ATA Carnet, wadda ke ba da damar shiga da kayan aiki ƙasa a fita da su ba tare da biyan haraji ba. Kowane abu sai an rubuta shi da lambarsa. Ba kowace ƙasa ce ke cikin tsarin ba, inda babu shi kuwa sai an bi doguwar hanya. Ga bizar aiki ta mutum ɗari da wani abu. Ga tambayar ko filin zai iya ɗaukar nauyin abin da za a kafa, ko wuta za ta tsaya awa uku ba ƙyaftawa.

Wannan ne dalilin kwana uku-ukun da kika gani. In an sha wahalar kafawa, gara a zauna a ci moriyarta. Taylor Swift ta yi dare shida a Singafo a watan Maris na 2024, ta yi takwas a filin Wembley na Landan a shekarar. Kuma ba mawaƙiyarki kaɗai ke amfani da sunan duniya haka ba. Beyoncé ta fara nata na 2023 a Stockholm a watan Mayu, ta rufe a Kansas City ranar 1 ga Oktoba, wasa 56, duk a nahiyoyi biyun nan. Taylor Swift, a rangadinta na 2023 zuwa 2024, ta yi wasa 149 a nahiyoyi biyar, amma ba ta taka Afirka ba.

Ba wai ba ya yiwuwa ba ne. Michael Jackson ya yi wasa a Tunis a 1996, ya je Afirka ta Kudu a 1997. Ed Sheeran ya yi a Johannesburg da Cape Town a 2019. In mawaƙi ya nace, akan nemo hanya.

Mai_Lissafi ya rubuta:

Malam Injiniya ya gama magana a kan kaya. Ni tambaya ta biyu zan taɓa.

A zamanin faifai da kaset, mawaƙi yana yawo gari-gari ne don mutane su ji su je su sayi kundin. Yau abin ya juye. Duk sauraro ɗaya a mafi yawan manhajojin waƙa bai kai santi ɗaya na dalar Amurka ba, kuma wannan ɗan abin ma sai an raba shi da kamfanin da ya fitar da kundin da marubuta waƙar. Tikiti kuwa kuɗi ne a dunƙule, ga riguna da huluna da ake sayarwa a bakin ƙofa. Rangadin Taylor Swift da ya fara a Maris 2023 ya ƙare a Disamba 2024 ya tara sama da dala biliyan 2 a tikiti kaɗai. Saboda haka yanzu kundin ne ke yi wa rangadi talla. Shi ke ba da dalilin sake fitowa, da sababbin tufafi da sabon dandamali, domin ba za ka sayar wa mutum wasan da ya gani bara ba.

Amma rangadin ma yana ramawa. Duk birnin da aka sauka, mutane kan koma su saurari waƙoƙin kafin wasa da bayansa, ga bidiyoyin da 'yan kallo ke watsawa kyauta. Akwai ma lokacin da ake haɗa kundi da tikiti a sayar tare don kundin ya hau saman jadawalin waɗanda suka fi kasuwa, har mujallar Billboard ta daina ƙirga irin wannan ciniki a 2020.

Zaɓen birane kuwa, akwai kamfanin shirya wasa da ke yi wa mawaƙi alƙawarin wani adadi tun kafin a sayar da tikiti ko ɗaya. In fili bai cika ba, kamfanin ke asara. Don haka sai ya duba alƙaluman manhajoji ya ga inda masu sauraro suke, ya duba ƙarfin aljihunsu da darajar kuɗin ƙasarsu. Wani lokaci har gwamnati kan shigo. Firaministan Singafo na lokacin, Lee Hsien Loong, ya tabbatar cewa sun ƙulla yarjejeniya don ƙasarsu kaɗai Taylor Swift za ta je a kudu maso gabashin Asiya.

Mai_Sauraro ta rubuta:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira. Na fahimta, amma gaskiya bayanin Malam Mai_Lissafi ya ƙara mini nauyi a zuciya. Ke nan soyayyar da muke yi wa waƙoƙin ba ta shiga lissafi sai in aljihunmu ya kai? Ni dai ban yarda macen da ta rubuta waƙa ta tara kuɗi kawai take gani ba.

Yaya_Babba ta rubuta:

Ƙanwata, kada ki sa wa ranki damuwa. Abu biyu na iya zama gaskiya lokaci guda: kamfani yana lissafinsa, ita kuma tana rera waƙarta da zuciya ɗaya. Na taɓa yin irin tafiyar da kike tunani, shekara biyu ina tara kuɗinta, kuma ban yi nadama ba. Kujerata tana can sama, mawaƙin bai fi ɗan yatsa ba a idona, a allo nake ganin fuskarsa. Amma da ya yi shiru ya miƙo makirufo, dubban mutanen da ba mu san juna ba, harsunanmu ma daban-daban, muka ɗauki amshin baki ɗaya, sai da tsigar jikina ta tashi. Matar da ke gefena ta riƙe hannuna tana hawaye, har yau ban san sunanta ba. Gani ya kori ji.

Sai dai ki shiga da idonki a buɗe. Mawaƙi ɗan Adam ne, maƙogwaro kuma tsoka ce. Adele ta soke wasanninta biyu na ƙarshe a Wembley a 2017 saboda muryarta ta samu rauni. Justin Bieber ya dakatar da rangadinsa a 2022 bayan ciwon da ya shanye masa ɓarin fuska, kuma wasannin Afirka ta Kudu suna cikin waɗanda ba a yi ba. Celine Dion ta soke ragowar nata a 2023 saboda rashin lafiya. A Agustan 2024 an soke wasanni uku na Taylor Swift a Vienna saboda an bankaɗo shirin kai hari. A irin haka kuɗin tikiti akan mayar, amma na jirgi da otal ba ruwan kowa. Ki kama ɗakin da za a iya sokewa, ki karanta sharuɗɗan tikitin jirgi, ki kuma fara neman biza da wuri.

Kada ki sayi tikiti a hannun 'yan bumburutun intanet. Ni sai da wani ya karɓe mini kuɗi a karon farko ya turo hoton tikitin bogi. Ki bi hanyar da ke shafin mawaƙiyar kawai.

Wani abu kuma: ba duk waƙoƙin sabon kundi ake rerawa ba, domin dole a ba tsofaffin da jama'a suka haddace wuri. Ki jira a yi daren farko, 'yan kallo za su watsa jerin waƙoƙin. In waƙa ta tara ce za ta kai ki, ki tabbatar tana ciki.

Injiniyan_Sauti ya rubuta:

Ƙari kaɗan. Jerin farko ba lallai shi ne na ƙarshe ba. Taylor Swift biranen Amurka kaɗai ta sanar a Nuwamba 2022, na sauran ƙasashe sai a Yuni 2023 suka fito. Sau da yawa ana jira ne a ga yadda tikitin farko zai tafi.

Game da waƙar fiyano kuwa, ina kyautata zaton za ta shiga. Kusan kowane babban wasa yana da wurin da ake rage fitilu, masu rawa su koma ciki su huta su canza kaya, a bar mawaƙiya ita kaɗai. Mu a wurinmu shi ne wuri mafi wuya, don babu ganga da za ta rufe kuskure, har numfashinta ana ji. A nan nake riƙe nawa numfashin, yatsana a kan maɓalli.

Mai_Sauraro ta rubuta:

Yaya, na ji maganarki, Allah ya saka da alheri. Malam Injiniya, ka sa na sake kunna waƙar yanzun nan, kuma a karon farko na lura da inda take jan numfashi kafin baiti na biyu.

Na yanke shawara. Zan fara ajiye kuɗin daga wannan watan, amma ba zan sayi komai ba sai an yi daren farko na ga jerin waƙoƙin, in kuma ga ko za a ƙara birane. Fasfo ɗina saura wata biyar ya ƙare, gobe in sha Allahu da shi zan fara. Yaya, in ba damuwa, ki faɗa mini wata nawa kafin tafiya kika nemi taki bizar?